Stephen Keshi: Ɗan Bayan da Ya Ɗaga Kofin Afirka Yana Kyaftin, Ya Sake Ɗagawa Yana Koci

Ranar Litinin 11 ga Fabrairun 2013, 'yan Najeriya ba su gama wartsakewa daga murnar daren jiya ba sai ga labari daga wani gidan rediyo na Afirka ta Kudu: kocin da ya ciyo musu kofin nahiyar Afirka ya ce ya ajiye aiki. Shekara 19 ƙasar ta yi tana jiran wannan kofi, ga shi ya zo hannu, ga kuma wanda ya kawo shi yana sallama. Tun ana wasannin rukuni ake ta raɗe-raɗin cewa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa na shirin korarsa, shi kuwa ya haɗiye abin a ransa har ya gama aikin da ya kai shi, sannan ya amayar. Sai da ministan wasanni na lokacin, Bolaji Abdullahi, ya sa baki kafin ya janye.

Wanda ya san Stephen Okechukwu Keshi tun yana taka leda bai yi mamaki ba. Haka yake. Ba ya ɗaukar raini, ba ya kuma barin aiki a tsakiya.

An haife shi a shekarar 1962. Tarihinsa da aka rubuta ya nuna a Azare ta jihar Bauchi ta yanzu aka yanke cibiyarsa, iyayensa kuma mutanen garin Illah ne da ke jihar Delta. A Legas ya tashi, ya yi karatu a kwalejin St. Finbarr's da ke Akoka, makarantar da ta yi suna wajen yaye 'yan ƙwallo. A 1979 ya fara wasa da ƙungiyar ACB ta Legas, shekara ɗaya bayan haka ya koma New Nigerian Bank ta birnin Benin. A can ne ya zama gagarabadau. Ƙungiyar ta ci kofin WAFU na yammacin Afirka a 1983, ta sake ci a 1984, Keshi na tsaye a tsakiyar bayanta.

Yana da kyau mai karatu ya san irin aikin da ake magana a kai, domin a gidan kallo ba kasafai ake ambaton ɗan baya ba. Ihu na mai zura ƙwallo ne, tafi na mai yanka ne. Ɗan baya kuwa kamar katangar gida yake, ba a tunawa da ita sai ranar da ta faɗi. Zai yi minti tamanin da tara yana tare hanya, yana cire ƙwallo da ka, yana hana ɗan gaba juyawa, amma in ya yi kuskure ɗaya a minti na casa'in, wannan kaɗai za a riƙe masa har a tashi daga hira.

Sai dai akwai abin da ɗan bayan tsakiya yake da shi wanda ɗan gaba ba shi da shi: filin duka yana gabansa. Yana ganin inda aka bar ƙofa, yana ganin ɗan tsakiyar da ya yi nisa bai dawo ba, yana ganin lokacin da ya kamata layin baya ya matsa gaba baki ɗaya don a kama abokin hamayya da satar gida. Saboda haka bakinsa ba ya hutawa. Yana kiran wannan, yana tsawata wa wancan, yana nuna wa na gefe wanda zai riƙe. A zamanin Keshi ana yawan ajiye mutum ɗaya a bayan sauran 'yan baya, wanda ba a ɗaure shi da riƙon kowa ba, aikinsa share duk abin da ya kuɓuce, in ya karɓi ƙwallo kuma shi zai fara gina hari. Keshi ya ƙware a wannan gurbi. Ga jiki, ga tsalle, ga doguwar ƙwallo da yake aikawa gaba ta sauka a ƙafar wanda ya nufa, ga kuma ƙafa mai nauyi in ya samu sarari daga nesa. Ƙwallo tara ya ci wa Najeriya a wasa 64, adadin da ba kowane ɗan baya ke kaiwa ba. Mutumin da ya shekara goma sha yana tsara mutane daga baya, rabin aikin koci ya riga ya koya tun bai rataye takalmi ba.

Yana da shekara 22 ya jagoranci Najeriya zuwa wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a 1984, ƙarƙashin koci Adegboye Onigbinde. Muda Lawal ne ya fara ci, amma Kamaru ta farke ta ƙara biyu, aka tashi 3 da 1. Ba a daɗe da dawowa ba sai rigima ta ɓarke. Hukumar ƙwallon ƙafa ta dakatar da shi tare da wasu 'yan wasa, ciki har da Henry Nwosu, bisa laifin makara zuwa sansanin 'yan wasan ƙasa. Wani da ya zauna zaman jiran afuwa. Keshi ya tattara kayansa ya nufi Kwaddibuwa, ya yi wasa a Stade d'Abidjan, daga nan Africa Sports. A can ya koyi Faransanci, harshen da ya buɗe masa ƙofofi har ƙarshen rayuwarsa.

Daga Abidjan sai Beljiyam. A 1986 ya shiga Lokeren, shekara ɗaya kacal Anderlecht, babbar ƙungiyar ƙasar, ta ɗauke shi. Ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam da ita a 1988 da 1989, ya ci gasar ƙasar a 1991. A 1990 yana cikin waɗanda suka buga wasan ƙarshe na kofin zakarun kofunan Turai a birnin Gothenburg na Suwidin, inda suka riƙe Sampdoria ta Italiya har minti casa'in ba ci, kafin Gianluca Vialli ya zura biyu a ƙarin lokaci.

Yau ɗan Najeriya a ƙungiyar Turai ba labari ba ne. A wancan lokacin kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Zuwan Keshi Beljiyam da yadda ya kafu ya sa masu neman 'yan wasa suka juyo da idonsu Najeriya, cikin 'yan shekaru sai ga Augustine Eguavoen a Gent, Samson Siasia da Peter Rufai a Lokeren, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh a Liège, Daniel Amokachi ya taso daga Ranchers Bees ta Kaduna ya sauka a Club Brugge. Gidan Keshi ya zama masaukin baƙi. Wanda ya zo bai san kowa ba, bai san sanyi ba, bai san yadda ake karanta kwantiragi ba, wurinsa yake zuwa. Alherinsa bai tsaya ga 'yan ƙasarsa ba. Nii Lamptey, yaron Gana da ya haskaka a gasar matasa ta duniya a 1989, Keshi ne ya yi masa hanya zuwa Anderlecht, ya riƙe shi riƙon ɗa. Ba don ƙarfin jiki kaɗai ake ce masa Big Boss ba.

A 1991 ya koma Strasbourg ta Faransa, wadda take rukuni na biyu a lokacin, ya taimaka mata ta haura rukuni na ɗaya a 1992.

A ƙungiyar ƙasa kuwa kofin ya yi ta wuce shi da ɗan taki. A Maroko a 1988 Kamaru ta sake doke Najeriya a wasan ƙarshe da ci ɗaya mai ban haushi, na fenareti, bayan an soke ƙwallon da Nwosu ya ci da ka. A Senegal a 1992 na uku aka zo. Amma a ƙarƙashin Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, an yi ta gina wata tawaga da har gobe ake kafa misali da ita, kuma Keshi ne ginshiƙinta a fili da wajen fili. Shi ke shiga tsakanin 'yan wasa da hukuma in an riƙe musu alawus, shi ke faɗa wa koci abin da yara ba za su iya faɗa ba. Ranar 8 ga Oktoban 1993 suka yi kunnen doki 1 da 1 da Aljeriya a birnin Aljas, ƙwallon Finidi George ta ba Najeriya tikitin gasar kofin duniya karo na farko a tarihi.

Abin tausayi, lokacin da girbi ya zo, jikinsa ya fara gajiya. A Tunusiya a 1994 rauni da shekaru sun sa yawancin wasanni a benci ya kalle su. Ranar wasan ƙarshe da Zambiya, wadda ta sake gina tawagarta bayan haɗarin jirgin saman da ya hallaka 'yan wasanta a gaɓar Gabon shekara ɗaya kafin nan, Eguavoen ne ya ɗaura kambun kyaftin, Emmanuel Amuneke ya ci biyu aka tashi 2 da 1. Duk da haka da aka zo karɓar kofi, Keshi aka sa a gaba, kuma babu wanda ya ga rashin dacewar hakan. A gasar kofin duniya ta Amurka wasa ɗaya ya buga, wanda aka doke Girka 2 da nema. Ya ƙarasa wasansa a ƙananan ƙungiyoyi a Kalifoniya da kuma Perlis ta Maleshiya, a Amurkan ne kuma ya yi karatun horarwa.

Aikin koci ya fara masa da ɗaci. Ya yi mataimaki ga Jo Bonfrère a kofin Afirka na 2000, sannan ya yi wa Shaibu Amodu mataimaki suka ceto Najeriya daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi suka kai ta gasar kofin duniya ta 2002. Da suka zo na uku a kofin Afirka a Mali a farkon shekarar, aka sallame su duka. Gasar da suka sha wahalar nemo wa gurbi, a talabijin suka kalle ta.

A 2004 Togo ta kira shi. Ƙaramar ƙasa ce, ba ta taɓa leƙa gasar kofin duniya ba, aka kuma jefa ta rukuni ɗaya da Senegal, wadda ta doke Faransa ta kai zagayen 'yan takwas a 2002, ga Mali, ga Zambiya, ga Kwango, ga Laberiya. Ba wanda ya sa Togo a lissafi. Keshi ya yi abin da ya fi iyawa: ya gyara baya tukuna, ya sa kowa ya san inda zai tsaya, sannan ya sakar wa Emmanuel Adebayor mara a gaba. Ranar 8 ga Oktoban 2005 suka je Brazzaville suka ci Kwango 3 da 2, Togo ta zama ta ɗaya a rukuni. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi kocin shekara.

Wata huɗu bayan haka ba shi da aiki. A kofin Afirka na Masar a 2006 Togo ta sha kashi a wasanninta uku, saɓaninsa da Adebayor ya fito fili har a jaridu, hukumar ƙasar ta ɗauko Bajamushe Otto Pfister ta miƙa masa tawagar. Karo na biyu ke nan ana raba shi da gasar duniya bayan ya yi wahalar share hanya. Za a iya cewa sakamakon Masar ya yi muni, kuma gaskiya ne. Amma mutumin da ya kai ƙasa inda ba ta taɓa zuwa ba ya cancanci a yi masa uzurin wasa uku.

Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa farkon 2010. Abin da aka fi tunawa a wannan zama shi ne wasan buɗe gasar kofin Afirka ta Angola. Mai masaukin baƙi na gaba da ci huɗu ba ko ɗaya, saura minti goma sha ɗaya a tashi, sai Seydou Keita ya ci biyu, Frédéric Kanouté ɗaya, Mustapha Yatabaré ya cike ta huɗu a daƙiƙun ƙarshe. Duk da wannan bajinta Mali ba ta fita daga rukuni ba, aka rabu.

A watan Nuwamban 2011 gida ta neme shi, ba don an fi so ba, sai don an shiga uku. Najeriya ta kasa zuwa kofin Afirka na 2012 bayan canjaras 2 da 2 da Gini a Abuja, an kori Siasia, jama'a sun yanke ƙauna. Keshi ya zo da tunanin da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne. Ya ce akwai 'yan wasa a gasar cikin gida da za su iya, ya tara su a sansani na makonni, ya yi ta buga wasannin sada zumunta da su. Da lokacin fitar da sunayen masu zuwa Afirka ta Kudu ya yi, ya ajiye manya irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins da Taye Taiwo, ya ɗauki 'yan gida shida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Suka ta yi masa ruwa.

Farkon gasar kamar zai gaskata masu sukar. Burkina Faso ta farke a minti na ƙarshe, 1 da 1. Zambiya ma 1 da 1. Sai da Victor Moses ya ci fenareti biyu a ragar Habasha aka samu fita daga rukuni. Ga kuma Kwaddibuwa na jira a Rustenburg da Didier Drogba da Yaya Touré da Gervinho, tawagar da kowa ya ba kofin tun kafin a fara.

A nan ne idon tsohon ɗan baya ya yi aiki. Kyaftin Joseph Yobo, mai shekaru a Ingila da Turkiyya, ya samu rauni a farkon gasa, da ya warke kuma Keshi bai mayar da shi ba. Ya bar tsakiyar baya a hannun Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ta Akure da Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19. Wannan shawara ce da kocin da bai taɓa tsayawa a wurin ba zai ji tsoron yankewa. Shi ya san abin da yake nema: mutum biyu masu gudu da suka fahimci juna, Ogenyi Onazi da Mikel Obi na tare musu gaba, Vincent Enyeama na bayansu. Drogba ya yi ta neman hanya bai samu ba. Emmanuel Emenike ya ɗirka bugun tazara, Cheick Tioté ya farke, sannan Sunday Mba, ɗan gasar cikin gida da 'yan Najeriya da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, ya ja ƙwallo daga tsakiya ya buga ta shiga. A Durban aka lallasa Mali 4 da 1, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya ci ta huɗun. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, minti na 40, Mba ya ɗaga ƙwallo ta saman ɗan bayan Burkina Faso ya tare ta da hagu kafin ta taɓa ƙasa. Ita ce kaɗai ƙwallon wasan. Wasa shida, ƙwallo 11 Najeriya ta ci, huɗu aka zura mata. Dab da tashi Keshi ya sako Yobo don ya ɗaga kofin yana cikin fili, domin ya san yadda zaman benci yake ga kyaftin a irin wannan rana.

Da haka ya zama mutum na biyu da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Bai tsaya nan ba. A watannin Oktoba da Nuwamban 2013 aka doke Habasha gida da waje, ya zama kocin Afirka na farko da ya kai ƙasashe biyu na nahiyar gasar duniya, duk kuwa da cewa ya yi watanni a wannan shekara ba a biya shi albashi ba. A farkon 2014 ya kai 'yan gida zalla gasar CHAN, da irin su Rabiu Ali da Shehu Abdullahi na Kano Pillars. Maroko ta ci su uku kafin hutun rabin lokaci, suka dawo suka farke duka, Rabiu Ali na cikin waɗanda suka ci, aka tashi 4 da 3 a ƙarin lokaci. Na uku suka zo. A Brazil kuma, inda a ƙarshe ya zauna a bencin gasar duniya a matsayin babban koci, an yi canjaras da Iran, Odemwingie da aka sasanta da shi ya ci Bosniya, Ahmed Musa ya zura biyu a ragar Ajantina a wasan da aka sha kashi 3 da 2. Faransa ce ta fitar da su a zagaye na biyu da ci 2 da nema. Kafin shi babu kocin Afirka da ya taɓa tsallake rukuni a gasar.

Keshi ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, in ya juya wa ɗan wasa baya da wuya ya waiwayo. Ikechukwu Uche ya daɗe a waje alhali yana cin ƙwallaye a Sifaniya, Mba kansa bai je Brazil ba bayan ya makara zuwa sansani. Bayan gasar duniya tawagar ta sukurkuce: Kwango ta ci Najeriya 3 da 2 a Kalaba, Sudan ta ci ta a Khartum, mai riƙe da kofi ta kasa zuwa gasar 2015. Yana da nasa kaso a wannan faɗuwa. Amma ita ma hukumar tana cikin rikicin shugabanci a lokacin, kocin na aiki ba kwantiragi a hannu. An sallame shi a Oktoban 2014, aka dawo da shi bayan makonni biyu, aka ba shi sabon kwantiragi a Afrilun 2015, aka sake korarsa a Yuli. Ba a gina tawaga a haka.

Abin da ya yi ta faɗa a fili, har wasu na ganin ya cika zafi, shi ne cewa hukumomin ƙwallon Afirka na ba baƙon koci lokaci da kuɗi da girmamawar da suke hana ɗan gida, ko da baƙon bai fi shi komai ba. Ya sha bayyana cewa ba ya ƙin ƙwararren da za a koyi wani abu a wurinsa, wanda yake ƙi shi ne a ɗauko wanda bai kai ba a ɗora shi a kan waɗanda suka fi shi. Lokaci ya ba shi gaskiya. Djamel Belmadi ya ci wa Aljeriya kofin a 2019, Aliou Cissé ya ci wa Senegal a 2022, a gasar duniya ta Ƙatar kuma duka ƙasashen Afirka biyar da 'yan gida suka je, Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe.

Bai ga wannan ba. Matarsa ta rasu a Disamban 2015 bayan fama da ciwon daji, shi kuma ya bi ta ranar 7 ga Yunin 2016 a birnin Benin, yana da shekara 54. Kwana uku bayan haka Shaibu Amodu, abokin aikinsa da aka kore su tare a 2002, shi ma ya rasu a wannan birni. An binne Keshi a Illah, filin wasa na Asaba kuma yana ɗauke da sunansa.

Sau uku Najeriya ta ci kofin nahiyar Afirka: a 1980 ƙarƙashin Otto Glória na Brazil, a 1994 ƙarƙashin Westerhof na Holan, sai 2013. Keshi ne kaɗai ɗan ƙasa da ya ciyo mata shi a matsayin koci.